Yadda Ake Duba Irin Wake Kafin Ya Iso Hannunmu

Mu manoman Ketare da kewayen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa mun san ɓarnar tsutsar wake. Wake ya yi fure gwanin sha'awa, sai ta shiga furen, ta huda kwanso, ta cinye 'ya'ya. A shekarar da ta yi yawa takan lalata har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Domin haka 'yan ƙungiyoyinmu da yawa suna tambaya a kan irin nan SAMPEA 20-T mai kashe tsutsar da kansa. Tambayarsu ita ce, wa ya tabbatar abin da aka ce yana cikin irin yana nan kuwa?

Cikin kowace ƙwayar iri akwai wani rubutun gado wanda masana suke kira DNA. Baƙaƙensa huɗu ne kaɗai, watau A, C, G da T, amma jerinsu ne yake sa wake ya zama fari ko ja, mai saurin nuna ko mai jinkiri. Akwai wata bakteriya a cikin ƙasa, ana ce da ita Bt, wadda take yin sinadarin da ke kashe irin wannan tsutsa. Layin rubutunta na yin sinadarin nan shi aka ɗauko aka sa wa wake.

Ba a sa layin shi kaɗai. Sai an haɗa shi da wani guntu a gaba mai cewa “fara”, da wani a baya mai cewa “tsaya”. Wurin haɗin nan ne kuskure yake shiga. Wani guntu yakan juya kai ƙasa, wani ya faɗi, wani kuma baƙi ɗaya ya sake, ido kuwa ba ya ganin ko ɗaya. Saboda haka masu wannan aiki sukan yi haɗi da yawa, su jera su a faranti mai ramuka 96, na'ura ta karanta kowane, kwamfuta ta gwada shi da tsarin da aka zana tun farko. Wanda ya saɓa ko da baƙi ɗaya ne, sai a zubar. Kamar dai yadda ma'ajinmu yake kwance kowane buhu ya duba, ba ya leƙa na sama kaɗai ya ce duk sun yi.

An shigar da haɗin cikin wake a wata cibiyar bincike ta gwamnatin Ostareliya. Aikin yana da wuya ƙwarai, gama a rahotonsu na 2006 tsiro ɗaya ne cikin dubu ya karɓi sabon layi har ya ba 'ya'yansa gadonsa. A 2009 aka fara gwajin waken cikin killataccen fili a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Sa'an nan Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa suka yi ta haɗa shi da SAMPEA 10, suna duba kowane zubi ko layin yana nan. Hukumar da ke kula da irin waɗannan tsirrai ta amince da shi a Janairun 2019, aka sake shi ga manoma a Disamban shekarar.

To, 'yan'uwa, dubawa ta ƙarshe tamu ce. Ƙwayar SAMPEA 20-T ba ta da wata alama da za ta raba ta da sauran farin wake. Wanda ya awo tiya biyu a buɗaɗɗen buhu a kasuwa don an ce masa “shi ne”, yana iya rage feshi, tsutsa ta cinye masa gona.

Ga abin da muke roƙon kowace ƙungiya ta yi:

1. A sayi iri tare, a rufaffen ƙunshi mai takardar shaidar Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa.
2. Sakatare ya rubuta sunan kamfani da lambar ƙunshin da ranar saye, ya ajiye takardar da ɗan irin har bayan girbi.
3. A shuka kunya kaɗan na tsohon irinmu a gefe. In wake ya yi kwanso, a ɓare ɗari daga nan, ɗari daga can, a ƙirga masu huji. Gani ya kori ji.
4. Kada a gauraya su wurin sussuka ko ajiya.

A tuna kuma, tsutsar kaɗai wannan iri yake kashewa. Darɓa da ƙwari masu tsotson kwanso suna nan, don haka ana bukatar feshi kamar sau 2, maimakon 6 zuwa 8 na da. Ba ya kuma hana ƙwaro cin wake a buhu. Ƙungiyar da ta ga huji ya yi yawa a sabon irin, sai ta kai wa malamin gona takardar ƙunshin da ragowar irin tun kafin a sayi na baɗi.