Masara da Ƙishirwa: Yadda Yankewar Ruwa Ke Hana Taki Aiki a Gonakin Sabuwa

Yankin Sabuwa, Faskari da Ƙanƙara yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Jihar Katsina, shi ya sa masara ta zama abin dogaron manomansa. Sai dai yawan ruwan shekara ba shi kaɗai ke tabbatar da yabanya ba, domin masarar da ke bukatar milimita 500 zuwa 800 kafin ta nuna, tana iya samun adadin nan cif amma ta ba da kunya, muddin ruwan ya yanke na makwanni biyu ko uku a lokacin da bai kamata ba.

Tsiro ba ya cin taki busasshe, sai wanda ya narke. Sinadarin naitirojin, wanda shi ne kashi 46 cikin ɗari na yuriya, yana isa saiwa ne a cikin ruwan da tsiro ke zuƙa, zuƙar kuma ta dogara ne da ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye, waɗanda tururin ruwa ke fita ta cikinsu. Idan ƙasa ta bushe, sai tsiro ya rufe ƙofofin ya naɗe ganye don tattalin ɗan ruwan da ya rage, kuma da rufewarsu jan taki yake raguwa, iskar da ganye ke sarrafawa ta zama abinci ma ta daina shiga. Fosfaros da fotashiyam, sauran sinadarai biyu na takin kamfa, sun fi shan wahala, saboda a hankali suke ratsawa ta siririn danshin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, da zarar danshin ya tsinke kuwa, hanyarsu ta toshe ko da suna dab da saiwa.

A nan ne manomi yakan ruɗu. Yakan ga ganyen ƙasa ya fara yin rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya, ko gefensa ya ƙone, ya ɗauka taki ne ya gaza, alhali takin yana gindin masarar, ruwan da zai kai shi ne babu. Ƙara yuriya a irin wannan hali asara ce mai ciwo ga wanda ya sayar da akuya ya sayi buhu, domin wadda aka bari a sarari ta sha raɓa kaɗai, wani kasonta yakan bi iska, wadda ta taru kusa da saiwa kuma tana iya ƙona ta.

Lokaci mafi haɗari shi ne na fure da goyo. Ƙishirwa tana jinkirta fitowar gemun masara, yayin da furen saman kara yake ci gaba da zubar da garinsa, wanda ba ya wuce 'yan kwanaki, don haka gemun da ya makara ba ya samun barbara, sai goyon ya fito da wawulo. Dawa ta fi haƙuri, domin takan dakata da girma ta jira ruwa.

Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da ire-iren masara masu sunan SAMMAZ, ciki har da masu jure fari da masu saurin nuna, hukumar NiMet kuma tana fitar da hasashen damina kowace shekara. Amma iri ba ya maye gurbin kula da ƙasa: takin gida da karan da aka bari ya ruɓe suna ƙara mata riƙon danshi, raba taki kashi biyu da binne shi bayan ruwa ya jiƙa ƙasa kuma yana rage ɓarna. Abin takaicin shi ne, duk wannan yana bukatar manomi ya isa gonarsa a ranar da ta dace, abin da matsalar tsaro ta hana mutanen ƙauyuka da dama na wannan yanki shekara da shekaru.