Masu Auna Ƙasar Fadama a Finlan

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Finlan fadama ce da a asali ruwa ba ya barinta. A ƙarƙashinta akwai baƙar ƙasa da ake kira fit, wato gansakuka da ciyayin da suka mutu, ruwa ya hana su iska suka kasa ruɓewa sarai, suna ta taruwa tun bayan janyewar ƙanƙara, shekara 10,000 ke nan ko kusa. Idan ta bushe tana cin wuta, manoman lambu kuma suna rainon iri a cikinta. Amma kafin a haƙa sai an san zurfinta da ingancinta, kuma wannan aikin ma'aikatan hukumar binciken ƙasa ta GTK ne.

Aiki ne na ƙafa, da takalmin roba, ga sauro. Mai awo yana ratsa fadamar a kan layi, yana tsayawa yana soka sandar ƙarfe, yana ƙara mata tsawo har ta dunguri yashi ko yumɓu. Sai ya saka wani bututu mai fiffike, ƙirar Rasha, ya murɗa, ya zaro yanki mai tsawon rabin mita, jerinsa bai hargitse ba. Fit kan ƙaru da milimita ɗaya ne a shekara, don haka abin da ke gabansa tarin shekara 500 ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne hukuncin yana hannu. Zai ɗebi dunƙule ya matse. In ruwa garau ya fito, ganyen yana nan da siffarsa, wannan H1 ne a ma'aunin da masanin Suwidin Lennart von Post ya tsara a shekarun 1920. In ruwan ya yi duhu, ruɓewa ta yi nisa. In kuwa duka ya silale tsakanin yatsu kamar damammiyar fura, an kai H10. Mai haske ta sama ta lambu ce, baƙar ta ƙasa ta wuta ce. Akwai na'urar rada, akwai ɗakin gwaji da ke auna toka da zafin ƙuna, duk da haka ba a daina matsar nan ba.

Tambayar da ake yi wa mai awo ce ta sauya. Fadamun fit kashi 3 cikin 100 ne kacal na doron ƙasa, amma kabon da suka riƙe ya fi na dazuzzukan duniya, kuma da zarar an tsane ruwan sai ya fara tashi sama. Kamfanin haƙar fit na Ailan, Bord na Móna, ya daina haƙa a 2021. A ganina gara haka, domin ba a kiran abin da ke buƙatar shekara dubu kafin ya dawo da mita ɗaya amfanin gona. Finlan ta riga ta tsane fiye da rabin fadamunta, akasari don dasa itatuwa, kuma yanzu alƙaluman masu awo ne ake dubawa a san wace kwata za a toshe ruwa ya koma.