Takardun Hanya Daga Paga Zuwa Tulaku

Mahautan Nima da Maamobi kullum tambayarsu ɗaya ce: "Alhaji, me ya sa shanu suka yi tsada haka?" To, rabin amsar tana kan hanya.

Tirelar da ta ɗauko shanu daga Burkina Faso, in ta shigo ta bodar Paga, sai ta bi Bolgatanga, Tamale, Techiman da Kumasi kafin ta sauke a karar Tulaku da ke Ashaiman, tafiyar kimanin kilomita 800.

Takardun iri biyu ne. Na shanu su ne shaidar lafiya daga likitan dabbobi na ƙasar da aka sayo su, da izinin wucewa da likitocin Gana ke bayarwa bayan sun duba su a boda. Na mota kuwa, akwai lasin direba, da takardar lafiyar mota, da izinin shigowa in lambarta ta waje ce, da katin inshora mai ruwan ƙasa da ECOWAS ta kafa a 1982.

Tsarin sauƙaƙa ciniki na ECOWAS ya ɗauke wa dabbobin yankin kuɗin kwastan. Amma fa bai ɗauke kuɗin likita ba, bai ɗauke harajin majalisun gunduma ba. Sannan ranar 29 ga Janairu 2025 Burkina Faso da Mali da Nijar suka fita daga ƙungiyar, ko da yake a lokacin ta ce a ci gaba da karɓar kayansu bisa tsohon tsari har a sake sanarwa. Saboda haka a riƙa tambaya kafin a yi lodi.

Abin da muka gani shi ne, jinkiri ya fi haraji cin uwar kuɗi. Takarda ɗaya ta ƙare wa direba, a tsare mota a shinge, shanu na tsaye cikin rana, ba ruwa ba ciyawa. Su rame, wani ya faɗi a tattake shi, a yanka a sayar da arha. Laifin mai mota ne, asarar kuwa ta falke ce.

Don haka mu duba takardun direba da idonmu kafin mu yi jinga. Duk kuɗin da muka biya mu karɓi rasit, mu kawo wa ƙungiya, don da shi za ta kai kukanmu gaban hukuma.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.