WA YA FAƊA? TAMBAYAR DA KE JIRAN ƊALIBAN NANGERE

Duk ɗalibin da ya kai shekarar ƙarshe a Kwalejin Horon Malaman Fasaha ta Tarayya da ke Potiskum, ko Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, ko kuwa Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ya san ba a miƙa masa takardar shaida sai ya rubuta kundin bincike. A cikin waɗannan ɗalibai akwai 'ya'yan ƙaramar hukumar Nangere, daga Tikau da Degubi da Watinani da Dawasa, waɗanda iyayensu suka sayar da wake da awaki don su ga wannan rana. To, a babi na biyu na kundin, watau inda ake bitar abin da magabata suka rubuta, nan ne ɗalibi ya fi saurin miƙa hannu cikin kayan wani ba tare da sallama ba.

Sunan wannan laifi satar fasaha, ko da yake mai yinsa yakan ce tsintuwa ya yi. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a garuruwan da ke da manyan makarantu akwai shagunan buga takardu da ke ajiye tsofaffin kundaye a kwamfuta, a goge sunan gari a sa wani, a karɓi kuɗi. Idan aka yi rashin sa'a, sai a tarar da bayanin noman koko a kundin da aka ce na ƙasar gero ne.  Amma tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ta fito, an sami sabuwar ƙofa, domin takan rubuta babi sukutum, har wani lokaci ta ƙago sunayen littattafan da ba a taɓa bugawa ba.

Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya. In ka ɗauko kalmomin mutum kamar yadda ya tsara su, sai ka sa su cikin alamar zancen wani, ka biyo da sunansa da shekarar da aka buga aikin da lambar shafi. A tsarin APA, wanda sassan ilmi da yawa ke bi, wanda kuma bugunsa na 7 ya fito a 2019, zancen da ya kai kalma 40 akan ware shi ne a sakin layi na daban. In kuma ka karanta ka fahimta, ka faɗa da bakinka, har ila yau sai ka ambaci mai shi, domin tunanin nasa ne. Nan ne da yawa ke tuntuɓe, suna zaton musanya kalma biyu ko uku ya wanke su. Abin da kowa ya sani, kamar cewa an ƙirƙiro Jihar Yobe daga tsohuwar Jihar Barno ran 27 ga Agusta, 1991, ba ya bukatar madogara. Amma wanda ya rubuta yawan shanun da ke shiga kasuwar Potiskum a mako, lalle ne ya faɗi wanda ya ƙidaya, da shekarar da aka yi ƙidayar.

Masu ganin wannan wata fitina ce da Turawa suka ɗora mana, sai su tuna da zauren malam. Hadisi ba ya tsayawa sai da isnadi, wane ya ji daga wane, kuma a kan tantance wannan sarƙa Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekarar 870, ya ƙarar da rayuwarsa. Malam Abdullahi na Gwandu ya wallafa Ida'un Nusukhi a 1812 don ya jera malaman da ya yi karatu wurinsu da littattafan da ya ɗauka. Ashe ɗalibin da ya jera manazarta a ƙarshen kundinsa, sawun kakanninsa ya bi.

Ba ƙananan mutane kaɗai abin ke kayarwa ba. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta Jamus ta ƙwace digirin dakta na ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya kuma sauka daga muƙaminsa. A nan gida, cikin Satumban 2016, fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa wani yanki na jawabin da Shugaba Muhammadu Buhari ya karanta wajen ƙaddamar da shirin gyaran hali an kwaso shi ne daga jawabin Barack Obama na 2008, ta kuma ɗora laifin a kan ma'aikacin da ya tsara jawabin. Ɗalibi ba shi da ma'aikacin da zai jingina wa. A mayar masa da kundi, ya ƙara shekara, wani lokaci ma a kore shi.

A 2021 kwamitin shugabannin jami'o'in Nijeriya ya fito da EagleScan, manhajar da ke gwada rubutu da wanda aka riga aka adana, kamar yadda Turnitin ke yi. Sai dai na'ura abin da aka zuba mata kaɗai take gani. Ba ta san kundin da ke kwance cikin ƙura a ɗakin karatu ba, balle maganar da wani tsoho ya yi da harshen Karekare a gindin tsamiya. A ganina wannan tsohon shi ne aka fi zalunta, kuma shi ne ba a cika kawo maganarsa ba.

Dalili kuwa shi ne, abin da aka rubuta game da ƙasar Nangere bai taka kara ya karya ba. Ɗalibin da ya zaɓi tarihin masarautar Tikau, ko al'adun aure na Karekare, ko yadda manomi da makiyayi ke sasantawa, dole ya ɗauki biro ya zauna gaban dattawa. Za su ba shi yini guda, a kawo masa ruwa, a faɗa masa abin da babu shi a kowane littafi. Sa'an nan ya koma makaranta ya rubuta wai tarihi ya nuna, ko bincike ya tabbatar. Wane tarihi? Sau da yawa ƙauye biyu sukan ba da labari iri biyu kan abu guda, kowanne da hujjarsa. In an share sunan mai bayarwa da garinsa, sai ruwayar gida ɗaya ta zama kamar ita ce ta kowa, ɗalibin baɗi ya kwafa, na baɗin waccan ya sake kwafa, har ta kai ana kafa hujja da ita a rikicin sarauta ko na gona. Tsohon kuwa ya riga mu gidan gaskiya, ba wanda zai koma ya tambaye shi.

Akwai abin koyi a kusa. Farfesa Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya, wanda ya zauna a Potiskum yana nazarin harshen Ngizim tun wajen 1969, ya kuma rasu a 2016, ya jagoranci aikin binciken harsunan Yobe tare da Alhaji Maina Gimba. Ƙamusoshin Bole da Karekare da Ngizim da Ngamo da aka buga a Potiskum a 2004 sun fito ne da sunayen 'yan ƙasa da suka tattara kalmomin a matsayin marubuta, shi kuma ya tsaya a matsayin edita.

Yadda ake rubuta mai ba da bayani ya danganta da sashe. Tsarin APA ya ce a ambaci hira cikin rubutu kawai, da suna da kwanan wata, ba a sa ta a manazarta, tun da mai karatu ba shi da inda zai je ya duba. Masana tarihi kuwa sukan ware mata shafi: sunan mutum, shekarunsa, sana'arsa ko sarautarsa, garin da aka yi hirar da ranar da aka yi ta. Kafin a rubuta sunan kowa sai an nemi izninsa. Tsohuwar da ta yi bayanin wankan jego ta ce kada a ambace ta, sai a rubuta shekarunta da ƙauyenta da ranar hirar, a kuma nuna cewa ita ce ta nemi a sakaya sunan.