SHEKARA GOMA ANA GINA WASA ƊAYA: LABARIN MASOYAN SARKI GRAHAM

A cikin wasannin da ake yi da kwamfuta akwai wani iri wanda babu gudu cikinsa, babu harbi. Ana nuna wa mai wasa hoton wani wuri, ko fada, ko daji, ko bakin teku, da wani mutum tsaye a ciki. Sai ya ɗauki linzamin kwamfuta, ya nuna ƙofa ko akwati ko wani tsoho da ke zaune, ya danna. Mutumin cikin hoton zai je ya buɗe, ko ya ɗauka, ko ya yi magana. Abin da aka tsinta a wani ɗaki shi ne mabuɗin wani ɗaki can gaba. Wato tatsuniya ce da aka haɗa da kacici-kacici, wanda bai warware ba kuma ba ya jin ƙarshen labari.

Ɗaya daga cikin mafiya suna a wannan fanni shi ne King's Quest, wanda kampanin Sierra na jihar Kalifoniya, a ƙasar Amurka, ya fara fitarwa a shekara ta 1984. Wata mata ce, Roberta Williams, ta ƙago shi. Labarin wani barde ne mai suna Graham da ya zama sarkin ƙasar Daventry, da matarsa, da ƴaƴansa biyu, Alexander da Rosella. Da farko sai an rubuta umarni da haruffa kafin sarki ya buɗe, ko ya ɗauka, ko ya yi magana. Daga na biyar, a 1990, aka koma ga nuni da dannawa. Na takwas ya fito a 1998, daga nan sai shiru. Tun 1996 masu kampanin sun sayar da shi, ya yi ta sauya hannu har ya faɗa hannun Vivendi na ƙasar Faransa.

To, yaran da suka tashi da wannan wasa sun girma, wasunsu sun koyi zane, wasu sun koyi rubuta umarnin kwamfuta. Wajen shekara ta 2000 sai wasu daga cikinsu suka haɗu ta intanet, daga ƙasashe dabam-dabam, suka ɗaura niyyar gina na tara da kansu, su raba shi kyauta. Ƙungiyarsu ita ce aka sani da Phoenix Online Studios.

Ya kamata mai karatu ya san nauyin wannan aiki. Sai an rubuta labari tukuna, sa'an nan a tsara kowace matsala da maganinta, a tabbata babu inda mai wasa zai maƙale don ya manta wani abu a baya. Kowane ɗaki sai an zana shi. Kowane taku na sarki sai an zana shi. Wanda ya danna bango, ko taga, ko tukunya, dole ya samu amsa, ko da ta jimla ɗaya ce, kuma wani ne zai zauna ya rubuta ta, wani ya karanta ta da murya, wani ya ɗauka. Ga kiɗa, ga gwaji don neman kurakurai. A kampani, ma'aikata ne masu albashi ke yin haka daga safe zuwa yamma. Su waɗannan kuwa sai sun taso daga aikinsu na neman abinci, ko daga makaranta, da dare ko ranar hutu. Wanda ya yi aure ko ya sauya aiki yakan ajiye nasa rabon, wanda ya gaje shi kuma sai ya koyi abin daga farko. Shi ya sa galibin irin waɗannan ayyuka suke mutuwa a hanya ba tare da kowa ya hana su ba.

Nasu bai mutu ba, amma an hana shi, har sau biyu. A watan Satumba na 2005, bayan shekara biyar ana aiki, Vivendi ya aiko musu da takarda cewa su dakata. Ta fuskar doka, kampanin yana da gaskiya: suna da labari da mutanen cikinsa dukiyarsa ce, ya saya da kuɗinsa, kuma rabawa kyauta ba ta mayar da kayan wani naka. Sai dai kuma shekara bakwai ke nan kampanin bai yi kome da wannan dukiya ba. Masoya wasan suka dinga aika wasiƙu suna roƙo, kuma kafin shekarar ta ƙare Vivendi ya sassauta, ya ba da izini bisa sharaɗi: a cire sunan King's Quest daga kan wasan. Aka sa masa The Silver Lining.

Aka ci gaba. A 2008 sashen wasanni na Vivendi ya haɗe da kampanin Activision, dukiyar ta samu sabon mai ita. A watan Fabrairu na 2010, ana gab da fitar da kashi na farko, sai ga wata takardar ta hani. Alkawarin da aka yi da mai gida na da bai ɗaure mai gida na yanzu ba. Aka sake yin wasiƙu da koke, har a watan Yuni Activision ya janye. Kashi na farko ya fito a Yuli 2010, shekara goma bayan farawa. Mutane da yawa sun ga ya yi gajarta, kallo ya fi wasa yawa a cikinsa. Na biyu ya biyo a wannan shekara, na uku da na huɗu a 2011, kuma sun fi na farko nauyi. A ciki sarki Graham yana yawo tsibiri-tsibiri yana neman maganin sihirin da aka yi wa ƴaƴansa.

Ba kowane kampani ne ke bin wannan hanya ba. A ƙasar Jamus wasu matasa, da sunan MindFactory, sun gina ci-gaban wani wasa na Ingila, Broken Sword, suka fitar da shi kyauta a 2008 da sunan Broken Sword 2.5. Kampanin Revolution, mai wasan, bai hana su ba, har ya ƙarfafa musu gwiwa. Bambancin a fili yake: Revolution ƙaramin gida ne a garin York, kuma Charles Cecil, wanda ya ƙago wasan, shi ne ke shugabancinsa. Shi yana iya duban aikin ya yanke shawara da kansa. A babban kampani kuwa, takardar tana bi ta hannun lauyoyi waɗanda wataƙila ba su taɓa jin sunan Daventry ba.

Mutanen Phoenix dai sun fita da sana'a a hannu. A 2012 sun fitar da wasan kansu na sayarwa, Cognition, a 2014 kuma suka sabunta wani tsohon wasan Sierra, Gabriel Knight, tare da wadda ta ƙago shi, Jane Jensen. A 2015 Activision ya fitar da sabon King's Quest wanda wani gida dabam ya gina, kuma a 2023 kampanin Microsoft ya saye Activision baki ɗaya. Kashi na biyar na The Silver Lining, wanda a cikinsa ne za a ji ko Graham ya ceci ƴaƴansa, shekara goma ta cika bayan na huɗu bai fito ba.