Tsohuwar Windows ko Sabuwa: Nazari a kan Zaɓin Masu Wasannin Kwamfuta a Darmanawa da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

A unguwannin Darmanawa da Gyaɗi-Gyaɗi, da sauran sassan Ƙaramar Hukumar Tarauni, kwamfutar cinya ta zama abokiyar zaman ɗalibi. Da ita yake buga aikin aji da kundin kammala karatu, da ita kuma yake buga ƙwallo da abokai idan an tashi daga karatu. Yawancin waɗannan kwamfutoci na hannu ne, watau an yi amfani da su a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwar Farm Centre ko shagunan titin Beirut. Tun daga ranar 14 ga Oktoba 2025, ranar da kamfanin Microsoft ya janye tallafinsa na kyauta ga Windows 10, tambaya guda ta tsaya wa masu irin waɗannan na'urori a rai: shin a koma Windows 11, ko kuwa a zauna inda ake? Wannan maƙala za ta kwatanta manhajojin ta fuskar wasa, ta kuma nuna cewa ƙarfin na'urar da irin wasan da ake bugawa su ne ke yanke hukunci.

2.0 Uwar Manhaja da Dangantakarta da Wasa

Uwar manhaja ita ce ke tsakanin ƙarfen kwamfuta da duk wani shiri da aka ɗora mata. Wasa ba ya yin magana da katin hoto kai tsaye. Galibi yakan bi ta wata hanya da Microsoft ya shimfiɗa mai suna DirectX, da kuma ƙananan shirye-shiryen da masu gyara ke kira direbobi. Saboda haka duk lokacin da aka fito da sabuwar DirectX aka hana tsohuwar Windows, to an ja wa masu wasa layi ke nan. Haka ta faru a 2007, lokacin da aka keɓe DirectX 10 ga Windows Vista, aka bar masu Windows XP a baya. Haka kuma ta sake faruwa a 2015, da DirectX 12 ta zo tare da Windows 10.

Windows XP ta fito a 2001, tallafinta ya ƙare a Afrilun 2014. Windows 7 ta fito a 2009, ta yi farin jini ƙwarai, tallafinta ya ƙare a Janairun 2020. Windows 8 da 8.1 ba su samu karɓuwa sosai ba, aka rufe babin 8 a Janairun 2016, na 8.1 kuma a Janairun 2023. Ma'anar ƙarewar tallafi ita ce kamfanin ya daina aiko da facin tsaro. Kwamfutar za ta ci gaba da tashi, wasan ma zai ci gaba da gudu, amma duk ɓarakar da ɓarayin intanet suka gano bayan wannan rana, babu mai toshe ta.

3.0 Windows 7 da Tsofaffin Wasanni

Har yanzu akwai masu riƙe da Windows 7, kuma suna da hujja. Ba ta da nauyi, tana tafiya lafiya a kan na'ura mai ram gigabait 2 ko 4, kuma wasannin da suka yi tashe a zamaninta, irin su PES 2013 na kamfanin Konami da GTA San Andreas, ba su buƙatar intanet. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa. Sai dai ƙofofin da ke buɗe mata suna ta rufewa. Kasuwar wasanni ta Steam, mallakar kamfanin Valve, ta daina tallafa wa Windows 7 da 8 da 8.1 tun ranar 1 ga Janairu 2024, kamar yadda ta yi wa XP da Vista a farkon 2019. FIFA 23 da magajinsa EA Sports FC 24 duk sun sa Windows 10 a matsayin mafi ƙarancin abin da za su karɓa. Ashe ke nan Windows 7 ta dace ne kawai da na'urar da aka keɓe don tsofaffin wasanni, wadda ba a shiga intanet da ita, ba a kuma buɗe asusun banki ko wasiƙun makaranta a cikinta.

4.0 Windows 10 da Windows 11

A nan ne gardamar ta fi zafi. Windows 11 ta fito ranar 5 ga Oktoba 2021, kuma da yawa sun ɗauka cewa tun da ita ce sabuwa, dole wasa ya fi gudu a kanta. Abin da ya tabbata shi ne, idan aka ɗora manhajojin biyu a kan na'ura iri ɗaya, bambancin gudun wasa kaɗan ne a yawancin lokuta, har mai wasa ba ya lura da shi. Dalili kuwa shi ne dukkansu DirectX 12 suke amfani da ita, kuma a kan tushe ɗaya aka gina su.

Akwai dai wuraren da Windows 11 ta ɗara. Ta fi iya raba aiki a kan sababbin furosesa na Intel, daga tsara ta 12 zuwa sama, waɗanda suka haɗa manyan ƙwayoyin aiki da ƙanana. Tana kuma da Auto HDR, mai ƙara wa tsofaffin wasanni haske da kaifin launi, amma sai allon da aka yi don haka. Ɗalibin da ke da kwamfutar ofis ta hannu ba zai ci moriyar ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. A ɗaya ɓangaren, wasu matakan tsaro da ke zuwa a kunne a cikin Windows 11 kan rage gudun wasa, har Microsoft da kansa ya fitar da bayani a 2022 kan yadda mai wasa zai kashe su na ɗan lokaci.

Babban bambancin yana wajen sharuɗɗan shiga. Windows 11 tana neman ram gigabait 4, da rumbun ajiya gigabait 64, da guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da furosesa na Intel daga tsara ta 8 ko AMD Ryzen daga jerin 2000. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya kayar da ɗimbin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai. HP EliteBook 840 G3 da Dell Latitude E7470, alal misali, 'yan tsara ta 6 ne. Lafiyarsu ƙalau, amma ba sa cikin jerin da aka amince da su. Masu gyara sun san dabarar tsallake wannan shinge, sai dai Microsoft ya bayyana cewa na'urar da aka yi wa haka ba ta da tabbacin samun sabuntawa.

5.0 Wasannin Intanet da Yaƙi da Maguɗi

Abin da ke tura masu wasa zuwa sababbin na'urori a 'yan shekarun nan shi ne yaƙin da kamfanoni ke yi da 'yan maguɗi. Wasan Valorant, a kan Windows 11, ba ya buɗewa sai TPM 2.0 da tsarin kulle tashin kwamfuta da ake kira Secure Boot suna kunne. Battlefield 6 da Call of Duty: Black Ops 7, waɗanda suka fito a ƙarshen 2025, su ma sun zo da irin wannan sharaɗi. Wanda ya tsallake shinge ya ɗora Windows 11 a kan tsohuwar na'ura marar wannan guntu, zai tarar an sake tare shi a ƙofar wasan. Tun a 2024 ma ƙididdigar da Steam ke fitarwa duk wata ta nuna masu Windows 11 sun zarce masu Windows 10, kuma kamfanonin wasa inda jama'a suka karkata nan suke bi.

Akwai hanya ta uku, watau Linux, wadda kyauta ce. Tun da Valve ya fito da Proton a 2018 da na'urar Steam Deck a 2022, wasannin Windows masu yawa suna gudu a kanta. Amma Valorant da wasannin ƙwallo na EA na baya-bayan nan ba sa yarda da ita, saboda shirye-shiryensu na hana maguɗi.

6.0 Lissafin Aljihu

Shawarar sabuntawa a Kano ba ta rabuwa da tsadar rayuwa. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin darajar naira a watan Yunin wannan shekara sun ɗaga farashin duk kayan da ake shigowa da su, har da kwamfuta. A Afrilun 2024 aka mai da kuɗin wutar rukunin A naira 225 a kan kowane kilowat na awa ɗaya, a farkon 2025 kuma Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data. EA Sports FC 24 kaɗai yana neman gigabait 100 na rumbu da ram gigabait 8 da katin hoto na musamman. Wanda na'urarsa ba ta da katin nan, ko wace Windows ya ɗora, wasan ba zai gudu yadda ya kamata ba. Sau da yawa kuɗin da za a kashe wajen ƙara ram, ko musanya tsohon rumbu da SSD, ko share ƙurar harmatan da ta toshe fankar na'ura, ya fi kawo canjin da ido zai gani.

7.0 Yadda Za a Yanke Shawara

Ana iya kasa masu wasa gida uku. Na farko, mai na'urar da ta cika sharuɗɗa: ya kamata ya koma Windows 11, domin kyauta ce ga mai lasisin Windows 10 na halal, kuma yana da kwana 10 da zai iya komawa baya idan bai gamsu ba. Kafin a yanke ƙauna, a duba na'urar da shirin PC Health Check, domin sau da yawa guntun tsaron yana nan, a kashe kawai yake a cikin saitin BIOS. Na biyu, mai na'ura 'yar tsara ta 6 ko ta 7: ya zauna a Windows 10, ya shiga shirin ƙarin facin tsaro da Microsoft ya sanar zai kai ranar 13 ga Oktoba 2026, ya yi amfani da wannan rata wajen tara kuɗin wata, ko ya gwada Linux. Na uku, mai na'urar da ta fi haka tsufa: ya bar ta ga tsofaffin wasanni, ya nisanta ta da intanet. Duk wanda kuma zai sayi ta hannu, ya tambayi tsarar furosesa kafin ya tambayi farashi.

8.0 Kammalawa

An ga cewa tserewar Windows 11 a fagen gudun wasa ba ta taka kara ta karya ba, kuma abin da ya raba ta da yayyenta shi ne tsaro da sharuɗɗan sababbin wasanni. Abu guda ya rage da ya shafi kowane rukuni. Kwamfutar da ake wasan da ita, ita ce ke ɗauke da kundin da aka yi watanni ana rubutawa, kuma ɗora sabuwar manhaja kan share rumbu gaba ɗaya idan mai gyara ya zaɓi haka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin a miƙa na'ura ga kowa, a kwafi ayyukan karatu a filashi, a kuma ajiye wani kwafin a wani wuri dabam.