Yadda Ake Gano Dokar Saurin Haɗuwar Sinadarai

A kimiyyar sinadarai, sanin abin da zai fito idan an haɗa abu biyu bai wadatar ba, sai an san da wane irin sauri zai fito. Ƙarfe kan ɗauki watanni yana tsatsa, ashana kuwa nan take take kamawa. Lissafin da ke nuna yadda wannan sauri ya dogara ga yawan kowane sinadari shi ake kira dokar sauri.

A shekarar 1850 wani Bajamushe, Ludwig Wilhelmy, ya auna yadda sukari ke rabewa gida biyu a cikin ruwa mai asid. Ya gano cewa saurin rabewar yana tafiya daidai da yawan sukarin da ya rage.

Hanyar da aka fi koya wa ɗalibai mai sauƙi ce. Ana ninka yawan sinadari ɗaya sau biyu, a bar sauran da zafin wurin yadda suke, sannan a auna saurin a farkon haɗuwar. In saurin bai canza ba, darajar wannan sinadari sifili ce. In ya ninku sau biyu, daraja ta ɗaya ke nan. In sau huɗu, ta biyu. (Na zaɓi kalmar "daraja" ne don "mataki" na da wani aiki nan gaba.)

Inda ɗalibai ke yawan tuntuɓe shi ne zaton za a iya karanto darajar daga rubutaccen lissafin haɗuwar. Ɗauki iskar NO2 da iskar CO. A rubuce, ƙwaya ɗaya ce ke haɗuwa da ƙwaya ɗaya su ba da NO da CO2. Amma a zafin da bai kai digiri 225 a ma'aunin Salshiyas ba, gwaji ya nuna ninka NO2 sau biyu kan ninka saurin sau huɗu, ƙarin CO kuwa ba ya tsinana komai.

Dalili shi ne haɗuwar mataki biyu gare ta. Da farko ƙwayoyin NO2 biyu ke karo su haifar da NO3 da NO, kuma wannan matakin ne mai nawa. Daga nan NO3 ke miƙa wa CO ƙwayar oksijin cikin hanzari. Kamar wurin mai ƙosai ne: ko an ƙaro yara goma masu ƙullawa a takarda, sai abin da kasko ya soya za su ƙulla.